Ɗakin Inna na Saman Bene

Babu kujerar Inna a ƙofar gidanmu na Tudun Wada yanzu. Gindin bangon da take zama ya koma wurin ajiye babura. Ni ce Rauda, autarta. Ban yi karatu mai nisa ba, amma zan rubuta abin da idona ya gani, ko da yayana Alhaji Nagoda zai daina amsa gaisuwata.

Yaya Nagoda ba marowaci ba ne, ba kuma mugu ba. Ciwonsa ɗaya ne, son a gani a yaba. Duk alherin da ba a hango shi daga titi, a wurinsa bai cika alheri ba.

Mahaifiyarmu, Inna Ishatu, da suyar masa ta raine mu. Tun ina goye take zaune gaban tanda, hayaƙin itace yana shigar mata hanci. Da girma ya zo sai tari ya kama ta, numfashinta ya gajarce. Likita ya ce hayaƙin ya ci huhunta, kuma ba zai koma daidai ba. Amma ya ce za ta iya zama da ciwon shekaru in an kiyaye abu uku: ta nisanci hayaƙi, ta riƙe maganinta na shaƙa, kuma kullum ta taka ƙasa ko kaɗan ne.

Inna ta ji magana. Ta bar tanda. Wanka a zaune take yi, salla ma a zaune. Da hantsi sai ta yafa mayafi ta kama hanyar shagon ƙawarta Immaculata, wadda muke kira Maman Olisa, 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da kayan ɗinki a bakin layinmu. Tafiyar ba nisa, amma Inna sai ta huta a dakalin masallaci, ta sake hutawa a wurin mai kayan miya, tana gaisawa da kowa. Ita kuma Maman Olisa ciwon gwiwa ne ya hana ta sakat.

"Maman Rauda!" haka take tarbarta. "Tun daga kwanar layi nake jin ƙirjinki yana busa usur."

"Ni usur, ke tsohuwar ƙofa mai ƙara," in ji Inna. "In an haɗa ƙafata da huhunki a samu mutum guda."

Su yi ta dariya har tari ya tsayar da Inna. Da ciwonta, amma tana raye sosai. Ta san wanda ya haihu, ta san wanda ya kwanta, tana cin abincinta da daɗi.

Sai Allah ya buɗa wa Yaya Nagoda a kasuwancinsa na kayan gini a Kwangila. Ya rushe tsohon gidanmu ya tayar da bene. A ƙasa ya yi shaguna ta gaba, ta baya ya yi babban falon baƙi, ya cika shi da manyan kujeru. A sama ya ware wa Inna ɗakin da ya fi kowane kyau, da tayil da labule har ƙasa. Ranar tarewa, a gaban jama'a, shi da kansa ya goya ta ya hau da ita. Mutane suna ta sa masa albarka, wasu suna ɗaukar hoto.

Tun a ranar na ja shi gefe. "Yaya, Inna ba ta iya hawan nan. Ka ba ta falon ƙasa."

"Ke Rauda, da hankalinki? In kwantar da uwata a ƙasa, ni ina sama ina taka kanta? Me mutane za su ce?"

"Mutane ba su ne ke numfashi da ƙirjinta ba."

"To likita, na ji. In kin gina naki sai ki tsara."

Daga ranar Inna ta zama fursuna a ɗaki mai tayil. Matattakalar doguwa ce, siririya, ga kwana a tsakiya. Saukowa sai an nemo maza biyu sun ɗauke ta a kujera, ita kuwa tana jin kunyar haka. Ranakun asibiti suka fara wucewa. Janaretan shagunan kuma a lungun da ke ƙarƙashin tagarta aka ajiye shi. In ta buɗe taga hayaƙi ya shigo, in ta rufe zafi ya dafa ta.

Tsofaffin ƙawayenta suka hau sau ɗaya, suka zauna suna haki, ba su sake ba. Maman Olisa ko takun farko gwiwarta ba ta yarda ba. In an kawo wuta an kashe janareta, sai ta zo lungun ta tsaya ta ɗaga kai tana kiran, "Usur! Kina nan?" Inna ba ta da numfashin amsawa daga can sama. Ɗankwali take miƙowa ta taga tana kaɗawa.

A kan idona ƙafafunta suka tsotse. Matar da ke zuwa bakin layi ta koma sai an riƙe ta zuwa bayi. Abinci ya fita ranta, hira ta fita ranta.

Za ku ce me ya hana ta faɗa masa da bakinta. Yaya Nagoda ɗan fari ne. Inna ko sunansa ba ta kamawa, balle ta zauna ta roƙe shi. Ni take ce wa, "Ki gaya wa wancan ina son ƙasa." Sau ɗaya tak na ji ta danne kunyar, tana kallon bango ta ce, "Ɗakin nan ya yi nisa da mutane."

Ya yi dariya. "Ai hutun ke nan, Inna. Kin sha wahala, yanzu sai ki huta."

Sannan ya sauka falonsa da ba a buɗewa sai manyan baƙi sun zo.

Ana haka Jude, mijin Maman Olisa, ya rasu. Aka ce washegari da sassafe za a wuce da gawar zuwa garinsu a kudu. Inna ta sa na kira Yaya a waya ya turo masu sauko da ita ta je ta'aziyya. Ya ce yana tare da baƙi, a bari sai gobe. Na ce gobe sun tafi. Ya ce to in sun dawo.

Da la'asar na dawo da abincinta, sai na tarar da ita zaune a kwanar matattakala. Ta yafa mayafinta mai kyau, ta sa takalmi. Ita kaɗai ta sauko, da ƙafafun da suka manta tafiya. Leɓenta ya yi baƙi, ƙirjinta yana sama yana ƙasa, maganin shaƙar yana hannunta ta kasa kai shi baki. Ta dube ni ta ce, "Rauda, saura da yawa?"

Maganarta ta ƙarshe da na fahimta ke nan. Masu shaguna suka taimaka muka kai ta asibiti. Ba ta cika mako ba Allah ya karɓi abarsa.

Da aka dawo da ita gida domin wanka, Yaya Nagoda ya dubi matattakalar ya ce benen ba zai hawu da gawa ba, a shigar da ita falon ƙasa. Kafin a sauke ta daga mota an fitar da kujerun nan kaf. Na tsaya a gabansa na ce, "Yaya, ashe kujerun suna ɗaguwa?"

Ya zauna a ƙasa ya rufe fuskarsa da babbar rigarsa. Ranar ce kaɗai Inna ta samu ɗakin da ta roƙa. Shi kuma tun daga ranar bai sake tura ƙofar ɗakinta na sama ba.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, ban yi jayayya da hukuncin Allah ba. Amma yadda majinyaci zai yi kwanakinsa kafin ajalin, wannan a hannunmu yake, kuma za a tambaye mu. Mai ciwon huhu ba ɗaki mai kyau yake nema ba. Yana neman iska mai tsabta, da ƙasar da zai taka, da mutanen da zai gaisa da su, da hanyar asibiti mai sauƙi. In za ka kyautata wa iyayenka, ka tambaye su abin da suke so, ka kuma saurari abin da kunya ta hana su faɗa da ƙarfi. Kada ka auna alherinka da bakin masu wucewa. Wanda ya karanta wannan, ya taya ni addu'a: Allah ya gafarta wa Inna Ishatu, ya yalwata mata kabarinta, ya sauƙaƙa wa duk mai neman numfashi da ƙyar, ya shirye mu kafin mu yi nadamar da ba ta da amfani. Ku ce amin.