Sunan da Jatau Ya Hana Aro

An yi wani mutum a wani gari, shekaru da dama da suka wuce. Kada ku tambaye ni garin, don in na faɗa, wasunku za su fara duban ƙasa. Bawan Allah ne mai fasa dutse, kowa Jatau yake ce masa. Akwai wani falalen dutse a bayan gari, nan ubansa ya yi aiki, nan shi ma ya tashi. Ya hura wuta a kai, ya kwara ruwa dutsen ya tsage, ya sa guduma ya mai da shi tsakuwa. Da haka yake ci da iyalinsa, shi da sauran masu sana'ar.

Sunansa na yanka Zakariya'u. Ku riƙe wannan, jama'a, don a kansa maganar take. Ɗan fari ne, saboda haka uwarsa har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunan ba, sai dai ta ce "wannan yaron". Matarsa Tabawa kuwa Malam take ce masa, ko faɗa suke yi.

Ana nan sai labari ya zo za a shimfiɗa layin dogo ta gefen garin, na jirgin dakon kaya, mai ɗaukar hatsi da shanu da siminti. Hukuma ta gindaya wa kamfanin sharaɗi: tsakuwar da za a zuba ƙarƙashin ƙarfen, a hannun 'yan gari za a saye ta. Masu fasa dutse suka yi ta murna, har wanda ya jingine gudumarsa ya je ya sake mata ƙota.

To, ku saurara. Wata rana da hantsi sai ga mota ta tsaya a gindin dutsen. Wani ɗan kwangila ya fito, Alhaji Maiwada, daga birni, yana tattare babbar riga kada ƙura ta taɓa ta.

Ya ce, "Sannu da aiki, Baba Jatau. Na zo ne in hutar da kai."

Jatau ya ce, "Yauwa, Alhaji. Hutu kuma, ga aiki ya zo?"

"Abu ɗaya nake so. Ka ara mini sunanka."

"Na san aron guduma, na san aron jaki. Suna yaya ake aronsa?"

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Kamfani ba ya saye sai a hannun ɗan gari. Ni kuwa ina da wurin haƙata can nesa, ina da tifofi. Sai a rubuta sunanka a allo da ƙofar motoci. Kaya nawa, suna naka, rabonka ya same ka kana kwance a tabarma."

Jatau ya waiwaya ya dubi abokan aikinsa, fuskokinsu fari fat da ƙura. Ya ce, "Waɗannan fa?"

"Su ma Allah zai ba su nasu."

"Jatau za a rubuta?"

"A'a, hukuma ba ta karɓar laƙabi. Na yanka."

Jatau ya ajiye guduma. Ya ce, "Alhaji, sunan nan da kake so, ubana sai da ya sayar da jakinsa ya sayi ragon da aka yanka mini shi. Uwar da ta haife ni ba ta taɓa sa shi a bakinta ba don kunya. Matata ba ta taɓa faɗarsa ba. Shi zan ba ka ka manna a jikin mota, yana yawo yana yi wa mutane ƙarya? In tsakuwa kake so, ga ta nan, ka saya. Suna kam ba na bayarwa."

Alhaji ya ɗaure fuska ya ce, "Za ka gane kurenka, tsoho."

Bai yi ƙarya ba. Ba a daɗe ba mai unguwa ya aiko cewa dutsen nan na hukuma ne, kada Jatau da abokan aikinsa su ƙara taka shi. Mutumin da ya tsufa a kan dutse, aka wayi gari ba shi da inda zai ɗaga guduma. Wallahi duk sanda na zo nan a labarin sai raina ya ɓaci.

Sai kuma maƙwabcinsa Sallau ya karɓi abin da shi ya ƙi. Tifofi suka fara shigowa, an rubuta "Haruna" ɓaro-ɓaro a ƙofofinsu, sunan Sallau ke nan na yanka. Sallau ya yi sabon rufin kwano, ya sayi babur. Mutanen gari suka sa Jatau a gaba: taurin kai, baƙin ciki, wai shi a dole waliyyi. Har waɗanda ya yi domin su suka shiga cikin masu zaginsa.

Ya dawo gida ya tarar Tabawa tana dama kunun kanwa, shi ne abincin rana, shi ne na dare. Ya ce, "Ke ma kina ganin na yi wauta?"

Ta ce, "Malam, ni da nake cin tuwonka ban taɓa sunan nan ba. Wani can da bai san ƙofar gidanka ba ne zai taɓa? Sha kununka."

Bai zauna ba. Ya cika kwano da tsakuwarsa, ya ɗora a ka, ya tafi har ƙofar kamfani. Ya ce, "Ku zo ku duba, wannan ce tsakuwar garinmu." Masu gadi suka ce an riga an ba ɗan garinku, tafi. Ya tafi, ya dawo. Suka kore shi, ya sake dawowa, har suka saba da ganinsa.

Abin da Alhaji yake kawowa kuwa marmara ce, a rufe samanta da tsakuwar kirki. Aka gama aiki, jirgi ya fara wucewa. Damina ta zauna, marmara ta sha ruwa ta narke, ƙarfe ya lotsa. Jirgi ya taho da lodin hatsi da shanu, taragu suka kife a kwarin bayan gari. Direban bai fita da rai ba.

Jama'a, wa aka zo nema? Alhaji Maiwada? Ba wanda ya san shi, sunansa bai taɓa hawa ƙofar mota ba. Haruna aka zo nema. Aka tafi da Sallau yana rantsuwa bai taɓa ganin wurin haƙar ba, kuma gaskiya yake faɗa. Tun daga ranar kwarin ya koma Kwarin Haruna. Tsohuwar uwar Sallau, wadda ita ma ba ta taɓa faɗar sunan ba, tana zaune a zaure tana jin yara suna wasa da shi a titi. Jatau ne yake aika mata tuwo har ta rasu.

Na ga kuna jira in ce Jatau ya zama attajiri. Bai zama ba. Da za a gyara layin, kamfani ya tuna da tsohon nan mai kwano a ka. Aka mayar musu da dutsensu, aka sayi tsakuwa a hannun masu fasa ta, ido da ido. Lokacin ƙarfinsa ya tafi, kaɗan ya samu. A ɗakinsa na ƙasa ya cika.

Da mai shela ya fito yana cewa Allah ya yi wa Malam Zakariya'u rasuwa, sai mutane suka riƙa tambayar juna, "Wane ne kuma Zakariya'u?" Tabawa ta ji su daga cikin gida, ta share hawaye ta ce, "Ku gaya musu wanda bai ba da shi aro ba ne."

To, ga abin da nake so ku tafi da shi. Suna amana ne, kuma duk abin da aka aikata da sunanka kai ka aikata, ko kana kwance a tabarma. Manyan ayyuka suna zuwa garuruwanmu, ana cewa a ba 'yan gida. Ku je ku nema da kayanku da guminku, in an kore ku ku koma. Amma wani zai zo da mota, ya gaishe ka da ladabi, ya ce ba ya son komai sai sunanka. Ranar nan ka tuna ragon da ubanka ya yanka, ka tuna uwar da ta ji nauyin kiranka. Ranar tsayuwa da wannan sunan za a kira ka, kuma Alhaji ba zai amsa maka ba. Allah ya sa mu mayar da namu yadda aka ba mu shi.