Ƙwayar Mako da Abdulbaƙi Ya Mayar ta Kullum

Ƙarafunan da ƙanena Abdulbaƙi yake ɗagawa suna nan a tsakar gidanmu a Lugbe, har sun fara tsatsa. Mai ɗaga su ne babu.

Lafiyayyen saurayi ne, yana sauke kwalayen kifi a kasuwar Kado, wuni guda cikin rana. Aibinsa ɗaya, gaggawa. Yana son ƙirjinsa ya buɗe kamar na Kingsley, kocin wurin ɗaga ƙarfe na unguwarmu.

"Oga, mene ne sirrin?" ya tambaye shi.

"Bitamin D," in ji Kingsley. "Yana tayar da sinadarin da ke gina tsoka. Kai dai sha, siririn banza!"

A kemis, Perpetual mai sayar da magani ta riƙe kwalbar bitamin ɗin ba ta sake ta ba. "Wannan mai ƙarfi ne fa. Ɗaya a mako, shi ma sai wanda gwaji ya nuna ya rasa. Kai da rana take gasawa kullum, me ka rasa?"

"Anti, ba ni kawai. Ai bitamin ba magani ba ne."

Ya riƙa haɗiya safe, rana da yamma, yadda muka saba shan kowace ƙwaya bayan abinci. Watanni suka tafi, damtse bai ƙaru ba, sai ya ƙara yawan ƙwayar. Ƙishirwa ta kama shi, ga yawan fitsari, ga amai.

"Abdul, mu je asibiti," na ce.

"Haba Yaya Hadijatu, dattin jiki ne ke fita. Aiki yake yi."

Ranar da ya faɗi da kwali a kansa aka kai shi asibiti. Likita ta ce bitamin ɗin ya taru, ya cika jininsa da sinadarin kalsiyam, ƙoda ta lalace. Abdul ya ɗaga kai da ƙyar.

"Likita, to ko ya ƙara min ƙarfin?"

Ta girgiza kai. "Ba ka rasa bitamin ɗin ba tun farko. Babu abin da zai ƙara maka."

Aka fara yi masa wankin ƙoda, amma bai riƙe shi ba.

Jama'a, abin da ake kira bitamin ma yana da iyaka. Kada mai lafiya ya sha ƙwaya don maganar aboki, kuma idan mai magani ya faɗi ƙa'ida, a tsaya a kanta. Ku taya ni addu'a: Allah Ya jiƙan Abdulbaƙi, Ya yafe masa gaggawarsa, Ya tsare 'ya'yan mutane. Amin.