Taku Goma Sha Biyu Da Suka Cinye Jarin Wani Mutum

An yi wani mutum, ɗan kasuwa daga Kano, yana zaune a Dubai yana saro kayan wasan yara. Sunansa ba zan faɗa ba, ya 'yan uwa, don yana da iyali, kuma darasi muke nema ba tonon asiri ba.

Allah ya rufa masa asiri daidai gwargwado. Yana da ɗakin haya a unguwar Karama, kullum da safe yana cikin lungunan kasuwar Murshid Bazaar yana duba kaya. Abin da ya fi kawowa wata 'yar bindigar roba ce, irin wadda ake ɗura wa harsashin soso, a ja ta baya, a harba. Kun san ta, jikokina ma sun ishe ni da ita a tsakar gida. Tasa ba ta zuwa nesa, amma duk sallah sai ta ƙare ƙarƙaf.

Yana da aboki, Ɗalhatu, unguwarsu ɗaya a Fagge, sito ɗaya suke ajiya a Al Quoz. A shekarar 2018, ana saura wata uku ƙaramar sallah, Ɗalhatu ya kawo wata sabuwar bindiga. 'Yan kasuwa kuwa suna da al'ada: sai a kafa kwali a ƙarshen sito, kowa ya harba samfurinsa, a ƙirga taku. Ku dubi manyan alhazai masu furfura suna harbin kwali!

Mutumin nan ya harba tasa. Taku goma sha takwas, soso ya faɗi. Ɗalhatu ya harba, soso ya tafi sak, ya bugi kwali a taku talatin.

Wani Sabo, mai yawan barkwanci, ya ce, “Alhaji, taka azumi take yi ne? Ai ko Ramadan bai kama ba.”

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma ta fatar baki ce. Daga ranar taku goma sha biyun nan suka tsaya masa a maƙogwaro. In ya ga ana lodin kwalayen Ɗalhatu, sai shayin hannunsa ya yi masa ɗaci. Me Ɗalhatu ya ɗauka nasa? Ko kwabo. Cinikinsa ya ragu? Bai ragu ba. Kawai dai ba ya son ganin na wani ya wuce nasa.

Ɗalhatu bai san ana yi ba. Har ya ba shi guda ɗaya kyauta, ya ce ya kai wa 'yarsa Nana Firdausi. Mutumin bai kai mata ba. Ya samu sukudireba ya kwance ta, ya ciro sifirin ɗin ciki, wannan murɗaɗɗen ƙarfen da ke tura iska. Ya matsa shi da yatsa, ya ji ya fi nasa tauri. Ya ce, shi ke nan, ya gano sirrin. Bututun da soso ke bi ya fita kuwa, ko kallonsa bai yi ba.

Ya ɗauki samfurinsa ya kai wa wani makaniki ɗan Pakistan a nan Al Quoz, ya ce a sa masa sifirin mai ƙarfi. Aka sa. Ta yi ƙara kamar an fasa leda, soso ya fita yana wutsil-wutsil, ya faɗi a taku ashirin da biyu.

Makanikin ya ce, “Shwaiya shwaiya, habibi, a bi a hankali, abokina. Bututunka gajere ne, ga faɗi, iskar zurarewa take yi ta gefe. Kuma wannan robar ba za ta riƙe ƙarfin nan ba.”

Mutumin ya ce, “Ni dai ƙara ƙarfin. Yalla, yi maza.”

Labari ya kai kunnen Ɗalhatu. Ya same shi bayan sallar la'asar, ya ce, “Yaya, na ji kana canjin sifirin. Wallahi ba a nan abin yake ba, a bututu yake. Zo mu zauna in nuna maka.”

To, ku ji abin da hassada take yi wa kunne. Gaskiya tsagwaronta aka faɗa masa, kyauta. Amma a ransa cewa ya yi, “Ka ji munafuki, ya ga na kusa cim masa, zai karkatar da ni.” A fili kuwa ya ce, “Khalas, shi ke nan, na gode, inshallah.” Ɗalhatu bai haƙura ba, ya turo masa saƙon murya a waya, minti huɗu. Ya ƙi buɗewa.

Da aka sa sifirin na uku, sai da ya dafe bindigar a gwiwa kafin ya iya ja. Ya harba sau goma. Tara suka watse, wani hagu, wani dama. Guda ɗaya ya tafi taku talatin da ɗaya. Wannan ɗayan kaɗai idonsa ya gani. Ya ce a kwance kayansa duka, kwali ɗari huɗu, jarinsa kaf, a canza musu sifirin. Bai taɓa tambayar kansa ba, wane yaro ne yake da hannun dattijo mai shekara hamsin?

Aka rufe kwantena, ta yi makonni a kan ruwa cikin zafi, ta iso Kano ana saura kwana goma sallah.

Ya 'yan uwa, abin da ya biyo baya ba daɗi. Yara suka kasa ja. In uba ya karɓa ya ja da ƙarfi, sai maƙallin ciki ya karye ƙas. Wata ta tsage a hannun wata yarinya, roba ta yanke ta a yatsa. Kafin a sauko daga idi, 'yan shaguna sun dawo masa da kwalayensa, kowa ya ce kar ya sake kawo masa ko balan-balan. Jari ya tafi, suna ya ɓaci. Bizarsa ta ƙare bai iya sabuntawa ba, ya saki ɗakin Karama, ya tattaro ya dawo gida.

Wata rana yana zaune a bakin shagon wani, sai ga Hajiya Jummai, wadda ta fi kowa sayen kayansa a da. Ta ce, “Alhaji, ina waccan 'yar bindigar taka mai sanyi? Iyaye mata sun dame ni. Ita suke so, ba ta fasa gilashi, ba ta cutar da ido, ɗan shekara huɗu ma yana ja. Ta Ɗalhatu ai ta manyan yara ce, ni ban taɓa saya ba. Kwali ɗari na so ɗauka bana.”

Da ta tafi, ya ciro waya, ya buɗe saƙon nan da ya yi wata biyar yana jira. Ya ji muryar Ɗalhatu tana cewa sifirin da bututu sai sun dace da juna, ƙarfi kaɗai ba ya kai soso nesa. A ƙarshe ya ce, “Kuma Yaya, don Allah kar ka taɓa taka. Ni da kaina ina sha'awar kasuwarta.”

Kun gani? Rabonsa yana hannunsa, yana kallon na wani. Allah ya ba shi ƙananan yara, ya ba Ɗalhatu manya, babu wanda ya tare wa wani hanya. Mai hassada ba ya ganin abin da aka ba shi, ba ya jin wanda ke son shi da alheri. Ɗalhatu bai rasa komai ba. Wa ya rasa?

Ke da kike leƙen tukunyar maƙwabciya, kai da kake ƙirga kwalayen abokinka, ku tsaya ku duba me aka ajiye a gabanku. In kun ga alheri a hannun wani, ku ce Allah ya sa albarka, in ba ku gane ba ku tambaya.

Ya Allah ka wanke mana zukata, ka sa mu gode da rabonmu, ka buɗe kunnuwanmu ga mai faɗa mana gaskiya ko da ya fi mu. Allah ya kiyaye mu da zuriyarmu. Amin.