Kayan Aro a Falon Si Allal

Akwai wani maƙerin tagulla a tsohon garin Fas, sunansa Si Allal. Shekara arba'in ya yi yana buga tire da butar shayi, kuma a zamaninsa da wuya a kai amarya a unguwarmu babu aikin hannunsa a cikin kayanta. Mutumin kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma fa akwai jin kai. Ko shara zai fita zubarwa sai ya saka farar jallabiya ya kafa jar dara.

Allah bai ba shi haihuwa ba. Daga shi sai matarsa Lalla Kenza, a wani ɗan gida da ke can ƙarshen lungu mai matakala, inda ko keke ba ya shiga.

Sai ciwon ƙoda ya kama Kenza. Likita ya ce wankin ƙoda sau uku a mako, ba fashi. A daidai wannan lokacin kuma hannun Si Allal ya fara rawa, guduma ta ƙi zama a hannunsa. Ya sayar da shago. Ya sayar da awarwaronta. Daga nan aka shiga kayan ɗaki: kafet, katifun falo, firji, talabijin. Da tsakar rana yake fitar da su, lokacin da kowa ya shige gida, ya lulluɓe su da bargo don kada a gane.

Fatan da ya rage musu guda ɗaya ne, su samu katin magani kyauta na gwamnati. Shi kuwa ba kowa ake ba wa ba, sai an auna ka. Me ka mallaka, me ke cikin ɗakinka, yaya kake ci, a haɗa a fitar da maki. In makinka ya haura layi ko da ƙiris ne, to kai mai hali ne, ka je ka yi da aljihunka.

Wata bakwai Si Allal yana sintiri a ofishin tallafi. Yau a ce hoto ya tsufa, gobe a ce na'ura ta tsaya, jibi a ce mai sa hannu ya tafi hutu.

"Baba, takardarka tana kan hanya," in ji yaron da ke bayan taga.

"Wace hanya ce, ɗana? Faɗa mini in je in tarye ta, wataƙila ta gaji ne."

Mutanen layi suka yi dariya. Shi kam bai yi ba, don ya san abin da ya bari kwance a gida.

Ran nan sai ga saƙo a waya: ranar Alhamis ma'aikaciya za ta zo duba gida. Kenza ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Shi kuwa gogan ya tsaya a tsakiyar falo yana ƙare masa kallo. Tabarma ɗaya, bokiti ɗaya, sai shatin inda katifu suka taɓa zama a jikin bango.

"Baƙuwa za ta shigo gidan Allal ta zauna a ƙasa?"

"Allal, ba neman aure za ta zo ba," in ji Kenza. "Talaucin ta zo gani. Ka bar ta ta gani."

"Talauci daban, tozarta daban. Ubana bai taɓa zaunar da baƙo a ƙasa ba."

"Ubanka bai yi jinyar mai ciwon ƙoda ba."

Ya ɗauki hularsa ya fita.

A lungunmu aron kaya ba abin kunya ba ne. In za ka yi baƙi, wannan gida ya ba da kafet, wancan ya ba da kofuna, ba mai tambayarka dalili. Sai ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabciyarsa Hajiya Batul, wata tsohuwa mai baki amma mai hannun kyauta, ya ce dangin Kenza ne za su zo daga Kazablanka. Ƙarya ce tsagwaronta, ya ji nauyin faɗin gaskiya ne kawai.

Hajiya Batul ta tashi lungu gaba ɗaya. Kafin azahar ɗin Laraba falon Si Allal ya koma kamar na ango. Jan kafet mai laushi, katifu masu rigar karan-miski, talabijin a kan teburi, har da ɗan firji da wani ya ce a sa wa baƙi ruwan sanyi.

Ranar Alhamis ma'aikaciyar ta iso, wata yarinya siririya mai suna Siham, tana haki saboda matakala. Tana ganin sunan a takarda ta ɗago kai.

"Kai ne Si Allal maƙeri? Tiren auren mahaifiyata aikinka ne! Har yau ba ta bari mu taɓa shi."

Shi ke nan, jama'a, an sosa masa inda yake masa ƙaiƙayi. Ya gyara zama, ya ɗaga buta sama yana tsiyaya shayin na'ana'a har yana kumfa, yana ba ta labarin manyan gidajen da ya yi wa aiki.

Yarinyar ba sakarya ba ce. Ta dubi talabijin, ta ga ko wayar wuta ba a jona masa ba. Ta dubi ƙafafun Kenza da suka kumbura suka yi sumul. Sai ta sassauta murya.

"Baba, duk kayan nan naka ne?"

"Alhamdu lillahi."

"Ina nufin, ko akwai na aro a ciki? Ba laifi ba ne, mutane suna yi. Abin da ka faɗa mini shi zan rubuta."

"'Yata, gidan Allal kike. Mu muke ba da aro."

Kenza ta buɗe baki. Ya juyo ya zuba mata ido, irin kallon nan da ta sani. Shekara arba'in ba ta taɓa ƙaryata shi a gaban baƙo ba, ranar ma ba ta iya ba. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

Siham ta sake tambaya a karo na uku, a bakin ƙofa, tana saka takalmi. Ya yi murmushi, ya karɓi biro, ya sa hannu da hannun nan nasa mai rawa. Har ƙasan matakala ya raka ta.

Da ya dawo Kenza ta ce, "Ka ji daɗi yanzu?"

"Za su ba mu. Ai ta ga ƙafarki."

"Ta ga ƙafata, amma firji ta rubuta."

Bayan mako uku amsa ta zo. Makinsa ya haura layi, bai cancanta ba.

Wallahi ko hula bai tsaya ɗauka ba, haka ya isa ofis kansa a buɗe. Yaron taga ya juyo masa da fuskar na'ura: kafet, talabijin, firji, kayan falo cikakku, ga sa hannunsa a ƙasa.

"Ba nawa ba ne," in ji Si Allal a hankali, yana waiwayen mutanen da ke bayansa.

"Me ka ce, Baba?"

"Na ce kayan... akwai kuskure."

"Kuskuren wa? Ba kai ka sa hannu ba? In kana da ƙorafi, ka kawo shaidu biyu daga maƙwabta, a sake saka ka a layin dubawa. Amma layin da tsawo, gara in faɗa maka."

"Kamar kwana nawa?"

"Ba a ƙirga shi da kwana, Baba. Na gaba!"

An mayar wa kowa kayansa na aro, babu sauran abin sayarwa a gidan. Wankin ƙoda ya koma sau biyu a mako, daga nan ya koma sau ɗaya. Fuskar Kenza ta kumbura har idanunta suka shige. In ta kwanta numfashi ya ƙi, sai dai ta jingina da bango a zaune.

Kwana tara ya yi yana zuwa ƙofar Hajiya Batul yana juyawa. Rana ta goma Kenza ta yi aman da ya tsorata shi, sai ya je ya buga ƙofar da hannu biyu. Ya tsaya a soro ya zayyana mata komai, kansa a ƙasa.

Hajiya Batul ta dafe ƙirji. "Inna lillahi! Saboda ma'aikaciyar tallafi ka ari kafet ɗina? Allal, kanka ɗaya kuwa?"

"Ban so a san halin da muke ciki ba, Hajiya."

"A sani? Wa ye bai sani ba? Ranar da ka fita da firji a cikin bargo ina kan rufin ɗaki ina shanya. Mai gurasa ya sani, shi ya sa yake cewa ta jiya ce ka ɗauka kawai, alhali da zafinta. Lungun nan kaf mun sani, mun yi shiru ne don kada mu karya maka zuciya. Mutum ɗaya ce a duniya ba ta sani ba, ita ce kuma mai iya taimakonka, ita ka zaɓa ka rufe wa ido!"

Dattijon nan ya sulale ya zauna a ƙasan soro, ya fashe da kuka kamar yaro. Ni dai ban taɓa jin tausayin mutum da haushinsa a lokaci guda kamar ranar da aka ba ni wannan labari ba.

An ce shaidu biyu, mutum goma sha ɗaya suka bi shi ofis. Kowa ya faɗi abin da ya ba da aro. Aka karɓi ƙorafi, aka buga hatimi, aka ce a je a jira. Matan lungu suka riƙa haɗa ɗan abin da ya samu don kada wankin nan na sau ɗaya ya tsaya, amma su ma ba wasu masu ƙarfi ba ne, kuma sau ɗaya ba sau uku ba ne.

Kullum da safe Si Allal yana bakin taga. Yanzu ba ya waiwayen kowa.

"Ɗana, matata tana mutuwa. Ba ni da komai, wallahi ba ni da komai. Ni na yi ƙarya, ni za a hukunta, ba ita ba. Ku zo ku gani, don girman Allah!"

"Baba, sunanka yana layi."

A wata na uku, wata safiya Kenza ta miƙe za ta yi alwala ta yanke jiki ta faɗi. Jini ne ya hau. Da aka dawo da ita daga asibiti, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, ƙafa ba ta ɗaukarta.

A wata na huɗu Siham ta sake hawo matakalar. Ta tsaya a bakin falo ta kasa shiga. Tabarma ɗaya, bokiti ɗaya, Kenza a jingine an tokare ta da tsummokara. Yarinyar ta zauna a ƙasa ta buɗe takarda, idonta ya ciko.

Kenza ta ji muryar baƙuwa. Da bakinta da ya karkace ta ce, "Allal, ka ba baƙuwa shayi?"

Sai ya ɗaga murya yadda har na waje za su ji.

"Babu shayi a gidan nan, Kenza. Babu sukari, babu gawayi. 'Yata, rubuta. Rubuta duka."

Bayan mako biyu kati ya fito. Aka mayar da Kenza kan wanki sau uku, kumburi ya saɓe, numfashi ya dawo, ta fara cin abinci. Si Allal ya tare likita a baranda ya tambaye shi ƙafar fa. Likita ya dafa kafaɗarsa ya ce a gode wa Allah da rai ya tsaya, ƙafa kam sai dai haƙuri.

Yanzu duk Litinin da Laraba da Juma'a, in ka bi ta lungun da safe za ka gan su. Dattijo mai shekara saba'in ya goya matarsa a baya, ya ɗaure ta da zane, yana saukowa a hankali zuwa bakin ƙofar gari inda mota take iya tsayawa. Samari sun sha cewa ya kawo su ɗauke ta. Ya ce a'a, wannan kayan nasa ne.

Wata rana a tsakiyar hanya ya tsaya yana haki, ya jingina da bango. Ya ce da ita, ba tare da ya juyo ba, "Kenza, ni na cinye miki ƙafa. Ki yafe mini."

Ta kwantar da kanta a kafaɗarsa.

"Na yafe tun tuni, Allal. Ka dai kula da matakala, kada ka kayar da mu."

Darasi: Rufin asiri abu ne mai kyau, amma ba a yin sa da ran wani. In wanda zai taimake ka ya zo har gida ya tambayi halinka, ka faɗa masa gaskiya komai ɗacinta, domin kunyar minti biyar ba ta kai nadamar da za ka goya har ƙarshen rayuwa ba. Ku kuma masu riƙe da takardun mutane, ku tuna akwai mai numfashi da ƙyar a bayan kowace takarda. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa, wataƙila akwai wanda yake cewa "lafiya lau" alhali gidansa yana ci da wuta.