Kumburin Dasashin Kada

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso mu ji ta.

To, ku matso. Wanda ya yi gyangyaɗi, ba ni maimaita masa.

Wani gari ne a bakin kogi, suna da amana da wani tsohon kada. Mutanen garin ba sa cin kada, kada ba ya cin mutanen garin. Haka aka tarar tun kaka da kakanni. Ko sunansa ba sa kamawa, Kaka suke ce masa.

A garin akwai wata mata, Yalwa, 'yar wanzami. Ubanta ya rasu bai bar ɗa namiji ba, sai zabirarsa ta zauna a ɗakinta. Ita kuma 'ya ɗaya tal Allah ya ba ta, sunanta Ladingo.

Ran nan Yalwa na yi wa Ladingo kitso, sai ta ga randa ba ko ɗigo. Ta soke tsinken kitson a gashin yarinyar, ta ce, "Maza ɗebo ruwa, ki dawo mu ƙarasa."

Ladingo ta je kogi. Kada na kwance, yunwa na cinsa. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, ba kowa. Sai ya yi wuf ya haɗiye ta ɗungurungum, ko taunawa bai yi ba. Amma tsinken nan ya soke shi a dasashi, gindin wani haƙori na can ƙurya, ya karye a ciki.

Shiru shiru, Ladingo ba ta dawo ba. Yalwa ta bi sawu. Ga tulu a kan yashi, ga sawun yarinya ya ƙare a bakin ruwa, ga jan cikin kada. Ta ɗora hannu a ka, ta nufi gidan Sarkin Ruwa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, Kaka ya cinye mini 'ya."

Sarkin Ruwa ya ce, "Ke, kama bakinki! Kaka ba ya cin na gida. Kina da shaida?"

Ta ce, "Ba ni da ita."

Ya ce, "To je ki neme ta a dangi."

Yalwa ta koma gida ta yi kuka har murya ta dishe. Baƙin ciki kamar ya kashe ta.

Ana nan, ana nan, dasashin kada ya kumbura. Sauran haƙora lafiya lau, wannan ɗaya ne kawai namansa ya tashi, ya yi jawur, yana zogi. Kun san ciwon haƙori ba ya jin girman kowa. Kada ya fito kan yashi yana birgima, yana cewa:

"Wayyo haƙori, wayyo dasashi,
Guda ɗaya ya hana ni sakat."

Zalɓe ya kawo kanumfari aka danna, a banza. Kunkuru ya jiƙa jar kanwa aka kurkure, a banza. Ihun kada ya kori kifi, masunta suka rasa na miya. Sarkin Ruwa ya sa aka yi shela, duk mai magani ya zo ya taimaki Kaka.

Yalwa na ji ta share hawaye. Ta ɗauki zabirar ubanta, ta saɓi taɓarya, ta tsinci gashin kaza guda. Ta isa bakin kogi, ga Sarkin Ruwa, ga gari duk an taru.

Ta durƙusa ta ce, "Sannu, Kaka. Buɗe in gani."

Ya buɗe. Ta leƙa, ta ga kumburi kamar ƙwayar gyaɗa, da ɗan baƙin abu a tsakiya.

Ta ce, "Kaka, in ciwon jiki ne, duk baki yake kamawa. In haƙori ɗaya ne ya kumbura, wani abu ne ya maƙale. Me ka ci?"

Kada ya ce, "Tarwaɗa ce, jikata."

Yana rufe baki kumburi ya zama kamar goriba. Wanda ke cikin amana ai ba ya ƙarya ta tafi a banza.

Ta ce, "Tuna dai, Kaka. Me ka ci?"

Ya ce, "Af, na manta. Ɗan akuya ne ya faɗo ruwa."

Kumburi ya zama kamar kabewa, har ido ɗaya ya rufe.

Ta ce, "Kaka, me ka ci?"

Kada ya dubi jama'a, kunya ta hana shi, tsoro ya hana shi faɗin gaskiya. Ya ce, "Azumi ma nake yi."

Kumburi ya yi tulu guda. Kada ya fasa ihu ya ce, "Ki bar tambaya, 'yar wanzami, ki yi aiki!"

Ta ce, "To sai sakiya, a huda ruwan ya fita. Amma a gidanmu ba a sa hannu a bakin mai ciwo sai an tokare shi. Zafi zai sa ka datse ni ba da niyya ba."

Kada bai so ba, amma zogi ya fi ƙarfinsa. Ya wangame baki. Yalwa ta kafa taɓarya a tsaye, kai ɗaya a ganɗa, kai ɗaya a ƙasa, ta buga ta zauna daram. Sai ta zura kai ta yi kira, "Ladingo!"

Daga can ciki aka ce, "Na'am, Inna! Duhu gare shi."

Jama'a suka ɗauki salati. Kada ya so ya rufe baki, ina! Yalwa ta zura gashin kaza ta sosa masa beli, ɗan naman nan mai reto a maƙogwaro. Ya yi kakari, kifi ya fito. Ta sake sosawa, ƙwaryar wata mata ta fito. Ta sosa na uku, sai ga Ladingo tim a kan yashi, jiƙe sharkaf, tana tari.

Yalwa ta rungume ta, ta shafa kai, ta shafa ƙafa, ba abin da ya ragu. Sannan ta juya ga kada, don wanzami ba ya barin aiki rabi. Ta huda kumburin, mugunya ta yi ta kwarara. Ta sa hantsaki ta zaro guntun tsinke, ta miƙa wa Sarkin Ruwa.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ga shaidar."

Sarkin Ruwa ya sunkuyar da kai.

Zogi ya kwanta. Kada ya ji sanyi, ya shiga nuna taɓarya da ƙafa yana gurnani, wai a cire masa. Yalwa ta goya 'yarta, ƙatuwar yarinya har ƙafa na jan ƙasa, ta ɗaure zani.

Ta ce, "Jira ni, Kaka. Bari in kai ta gida."

Ba ta dawo ba. Duk garin kuma aka rasa mai yarda ya sa hannu a bakin nan. Shi ya sa har gobe in kun je kogi za ku ga kada kwance a rana, baki wangame. Yalwa yake jira.

Ƙurunƙus kan ɗan tarwaɗa. Ba don Gizo ba da na yi ƙarya, da ma ita ce na shirga muku. Amma ku riƙe wannan: wanda ya ci amana, ran da ya shiga uku ba mai miƙa masa hannu. Ku tashi ku wanke baki ku kwanta.