Gafiya da Ƙwaryar Kunkuru

Ga ta nan, ga ta nanku.
Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Ambaliya ta cinye ramin Gafiya, da ƙyar ta tsira da ranta. Tun daga ranar, ko ruwa ta ji ana tsiyayawa daga tulu sai jikinta ya hau ɓari. Ta haye kan suri ta ƙi saukowa, ƙishirwa na neman kashe ta.

Kura ta ce, "Ke dai raki gare ki. Ambaliyar da ta wuce tun bara?"

Kunkuru kuwa sai ya kawo ruwa a ƙwarya ya ajiye a gindin suri. Gafiya ta sauko, ta sha. Kullum sai ya matsar da ƙwaryar taku ɗaya wajen rafi, ya zauna kusa da ita har ta gama.

Ran nan ta tarar da ƙwaryar a kife.

Ta ce, "Baba Kunkuru, yau ka manta da ni ne?"

Ya ce, "'Yata, dubi ƙafafunki."

Ashe ruwan rafi ne ke lasar su. Amma ba ta gudu ba. Ta sunkuya ta sha ta ƙoshi, sannan ta fantsama wa Kura, da ta zo kallo, ruwa a fuska.

Ƙurunƙus kan kusu, ba kan Gafiya ba.