Hamirar Inna Hadizatu

Akwai wata mata mai suna Muhsina a wani ƙauyen Hausawa na yankin Jazira a ƙasar Sudan, tsallaken kogi daga Rufa'a. Mijinta Alhasan manomin auduga ne da dawa. Ita kuwa abin da aka san ta da shi kisra ce, wannan siririyar wainar dawa mai ɗan tsami da mutanen Sudan ke ci da miya.

Kowace mace a garin ta iya kisra, amma ta gidan su Muhsina daban take. Don sirantaka har kana iya hango tafin hannunka ta cikinta. In an naɗe ta ba ta karyewa, tsaminta ba ya kashe haƙori, kuma tana da wani ƙamshi da ba ka jin sa sai bayan ka haɗiye.

Sirrin yana cikin tukunya. Masu kisra ba sa kwashe ƙullu duka. Sukan bar ɗan ragowa a gindin tukunya, gobe a zuba sabon gari a kai, tsohon ya tayar da sabon. Wannan ragowar ita ake kira hamira. Ta gidan su Muhsina, a faɗarsu, ba ta taɓa mutuwa ba tun zamanin kakar mahaifiyarta.

Mahaifiyar tata, Inna Hadizatu, mace ce mai buɗaɗɗen hannu. Da tsufa ya kama ta, ido ya yi rauni, sai ta kira Muhsina ta damƙa mata tukunyar. Ta ce, "Ga amana. Kada ta mutu a hannunki."

Muhsina ta karɓa da hannu biyu. Sai dai a fahimtarta, riƙon amana shi ne a rufe tukunya a zauna a kan murfin.

Matan garin suna da guruf na WhatsApp da wata maƙwabciyarta Asma'u ta buɗe, suka sa masa suna Matan Murhu. A nan ake koya wa juna dabarun gida. Wannan ta ce a cusa ganyen darbejiya a buhun dawa, ƙwari ba za su shiga ba. Waccan ta ce a shanya kuɓewa a inuwa don kada ta yi baƙi. Wata ta ce toka da lemun tsami sun fi kowane sabulu fitar da gindin tukunya.

Muhsina tana ciki, tana kwasar dabarun kowa. Abin da take sakawa kuwa hoton kisrarta ne, a jere a kan tire. In aka ce, "Masha Allah, koya muna mana," sai ta turo fuskar dariya ta rubuta, "Hannu ne, ya banat, 'yan matana. Hannu ba a aron shi."

Kun san irinsu. Ko a wannan shafin namu akwai su, ba sai na kama suna ba.

Wata shekara, lokacin cirar auduga, 'yan ƙwadago suka zo daga kudu kamar yadda suka saba. A cikinsu akwai wata mata Rabi'atu, daga wajen Damazin, ita da 'ya'yanta. Ta taɓa shigowa gidan su Muhsina neman ruwan sha, Inna Hadizatu ta haɗa mata da kisra. Ana gobe za su koma gida sai ta dawo, ta yi sallama, ta durƙusa daga bakin madafa.

Ta ce wa Muhsina, "Hajja, don Allah ki sam mani ɗan tsamin ga in tahi da shi gida. Ɗiyana sau guda sunka ci, har yau zancenta sukai."

Muhsina ba ta ko ɗago kai daga murhu ba. Ta ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, 'yar'uwa. Wagga ba ta rabo ba ce, gadon gida ce. Kuma kwana nawa za ki yi bisa lori? Ruɓewa za ta yi. Ki jiƙa garinki ki jira kwana uku, kowa haka ya hwara."

Rabi'atu ta yi godiya ta miƙe. Ashe Inna Hadizatu tana kwance a gadon igiya ƙarƙashin rumfa, ta ji komai.

Ta ce, "Baiwar Allah, dawo. Muhsina, ɗebo mani ludayi guda."

"Inna, ai ke kinka ce amana ce."

"Ni na ce. Ke kin san inda munka samo ta? Kakata da ƙahwa ta iso ƙasar ga daga yamma, kan hanyar Makka, ko tukunya ba ta da. Wata Balarabiya da ba ta jin kalma guda ta Hausa ta miƙo mata ta bisa danga. Mu ma ba mu anka yi. Ɗebo."

Muhsina ta ɗebo, ta dangwarar da ludayin a gaban tsohuwa, ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Ku riƙe wannan wurin da kyau: ba ta ga abin da Inna ta yi da ludayin nan ba, kuma don fushi ba ta taɓa tambaya ba.

Shekara ta zagayo, Allah ya yi wa Inna Hadizatu rasuwa. Da ake naɗe kayanta, Muhsina ta ga farin tob ɗinta mai shuɗin baki, wato laffayar da take naɗawa ranar Juma'a, an yage masa kusurwa ɗaya. Ta ɗora laifin a kan ƙusar ƙofa, ta rufe akwati. Tun daga ranar tukunyar hamira ta zama ita ce uwarta. Da safe in ta buɗe murfi, ƙamshin ya taso, sai ta ji kamar Inna tana nan a rumfa.

Sai yaƙin Sudan ya iso Jazira a ƙarshen shekarar 2023. Wata safiya Alhasan ya shigo a guje ya ce lori na bakin gari, ba zai jira kowa ba. Mutane suna kwasar takardu da tufafi, Muhsina kuwa madafa ta nufa. Tukunyar ƙasa ba za ta ɗauku ba, don haka ta juye hamirar a gorar roba, ta murɗa murfin iya ƙarfinta, ta rungume ta a ƙirji.

Hamira abu ce mai rai, numfashi take yi. Ga rana, ga zafin ƙarfen lori, ga murfi a rufe gam. A rana ta biyu da azahar gorar ta kumbura ta fashe. Ƙarar ta sa duk wanda ke cikin lorin ya kwanta, an zaci harbi ne. Da aka ɗago, ƙullu ne kaca-kaca a jikin mutane.

Muhsina ta kankare abin da ta iya daga tufafinta ta tara a kofi. Amma hamira sai da gari, a kan hanyar gudu kuwa ina gari? Kafin su isa Damazin ta yi baƙi, ta fara ɗoyi. Muhsina ta zubar da ita a gindin wata bishiya, ta yi kukan da ko ranar jana'izar Inna ba ta yi irinsa ba. Abu ɗaya aka ce kada ta bari ya faru, kuma ya faru a hannunta.

A Damazin aka sauke su a wata makaranta tare da sauran 'yan gudun hijira. Da ta sami ɗan gari sai ta jiƙa ta jira kwana uku, kamar yadda ta taɓa gaya wa wata. Kisra ta fito, irin ta kowa. Ta sake, ta kuma sakewa, duk ɗaya.

Alhasan ya ce, "Kisra kisra ce, Muhsina. Mun tsira da rai, ki ce alhamdulillah."

Ta san gaskiya ya faɗa, ta kuma ce alhamdulillah. Amma abinci ya daina yi mata daɗi.

A bayan masallacin unguwar akwai takiya, wato madafar da matan gari ke haɗuwa su dafa wa baƙi abinci kyauta. Muhsina ta daɗe tana jin kunyar bin layi, ita da ake roƙo. Ranar da gari ya ƙare, dole ta ɗauki kwano ta je. Aka zuba mata miyar busasshiyar kuɓewa, aka ɗora kisra uku a kai.

Ta koma gefe ta gutsura ta kai baki. Da ta haɗiye, sai ƙamshin nan ya biyo baya.

Hannunta ya tsaya a sama. Ta ɗaga kisrar a hasken rana, ta hango tafin hannunta ta ciki. Ta ce, "La'ilaha illallah. Inna!"

Ta ajiye kwanon ta zagaya bayan masallaci. Mata shida ne a jere gaban faffaɗan ƙarfen gashi, kowace tana shimfiɗa ƙullu da ɗan ganyen kaba. Ta ce, "Don girman Allah, wa ad da hamirar ga?"

Suka yi dariya, ɗaya ta ce, "Ta kowa ce. Amma ga wadda ta kawo ta garin ga."

Matar da aka nuna ta juyo, ta share gumi, ta ƙura mata ido. "Hajja Muhsina? Ke ce? Ni ce Rabi'atu, mai cirar auduga. Ina Inna?"

Muhsina ta girgiza kai kawai. Rabi'atu ta yi salati, ta bar wa wata murhunta, ta kama hannun Muhsina ta ja ta zuwa gidanta. Daga ƙarƙashin gado ta ciro wani gwangwanin shayi, ta buɗe, ta zaro ƙyalle a naɗe. Fari ne mai shuɗin baki, ya yi tauri da busasshen ƙullu.

Nan take Muhsina ta gane shi. Kusurwar tob ɗin Inna na Juma'a ce.

Rabi'atu ta ce, "Da kinka shiga ɗaki, da haƙori ta yage shi. Ta shahwa ƙullun bisa sirit, kamar za ta gasa kisra, ta shanya a inuwa, ta ce rana kashe ta takai. Da sahe na zo na amsa ya bushe ƙamas. Ta ce haka za ta iya barci wata da watanni. In na isa in jiƙa da ruwa mai ɗumi, in riƙa ba ta gari kaɗan-kaɗan har ta hwalka. Sharaɗi guda ta kahwa mani: duk wadda ta roƙa, in ba ta."

"Kin ba mutum nawa?"

"Wallahi daga arba'in na bar lissahi. Ta shiga Rusairis, ta kai Gadarif, wata amarya ta tahi da ita har Kasala. Takiyar ga kuwa kullum ɗaruruwa take cishewa."

Jama'a, ku dubi ikon Allah. Shekara da shekaru Muhsina tana gida ɗaya da wannan dabara ba ta san ta ba. Shanya hamira aikin mai bayarwa ne, don mai tafiya nesa ake yin sa. Ita da ba ta taɓa ba kowa ba, ba ta taɓa tsayawa ta ga yadda ake yi ba. Da ta tsaya minti biyar a rumfar nan, da a cikin aljihu za ta fito da amanarta. Ludayi ɗayan da ta dangwarar cikin fushi ya riga ta isa Damazin da shekaru, ya zauna yana jiran ranar da za ta zo da kwano a hannu.

Rabi'atu ta sa mata ƙyallen a tafin hannu. Ta ce duk wata sai ta sake shafe shi da sabon ƙullu, don ba ta iya rabuwa da shi ba.

Muhsina ta ce, "Ni da na hana ki?"

"Ke kinka hana, Inna ta ba ni. Yau ɗiyar Inna nike ba. Amma hwa sharaɗin na nan, bai mutu ba."

Muhsina ta ari ƙaramar tukunya ta jiƙa ƙyallen. Ranar farko shiru. Rana ta biyu shiru, har zuciyarta ta fara karyewa. Da safiyar rana ta uku ta buɗe murfi, sai ga ƙananan kumfa suna tasowa suna fashewa a fuskar ƙullun, ƙamshin rumfar Inna ya cika ajin makarantar. Ta daɗe a durƙushe tana kallo, hawaye na zuba, tana maimaita subhanallah.

A ranar ta sa almakashi ta yanka nata tob ɗin gida goma sha biyu, ta shafe kowane ƙyalle da ƙullun ta shanya a inuwa. Sannan ta buɗe guruf ɗin Matan Murhu, wanda yaƙi ya watsa matansa gari-gari, ta yi saƙon murya na minti goma sha ɗaya. Ta faɗi komai: yawan gari, ɗumin ruwa, yadda ake shafawa, yadda ake shanyawa, har da labarin gorar roba, ba ta rage wa kanta ko ɗaya ba.

Asma'u ce ta fara amsawa daga Gadarif. Ta rubuta, "Ashe dai hannu ana aron shi?"

Muhsina ta share ido ta rubuta, "Ana aron shi, 'yar'uwa. Naki ya kusa bushewa. Hwaɗa mani wa za ya taho wajenku."

Darasi: Abin da ka rufe a gorarka yana iya fashewa rana ɗaya, abin da ka bayar kuwa Allah ke ajiye maka shi a hannun mutane har ranar da za ka buƙata. In kina da girkin da kika gada ko wata dabarar gida, ki koyar tun kina da iko, kuma kada ki raina mai roƙonki yau. Ku tura wa 'yan'uwa da ƙawaye wannan labari, musamman waccan da har yanzu take zaune a kan murfin tukunyarta.